Wa Zai Amsa wa Della Cammish Ran Lahadin Jirage?

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Masuntan Skarnby, Mista Desmond Leadley. Mai girma Rabaran Ainsley, wadda ta ajiye hidimar coci ta zo ta zauna da mu cikin wannan sanyi. Dattawan kwamiti da ke bisa teburi. Masu jirage da ma'aikatan jirgin ceto. Iyayena mata, ko da yake waɗanda suka girme ni a ɗakin nan yanzu sun yi ƙaranci. 'Yan'uwana maza da mata na gidajen bakin ruwa da na kan tudu. Da ku matasa da kuka tsaya can baya kusa da ƙofa domin ku sami saurin ficewa idan magana ta yi zafi: ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da yamma.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina godiya ga kwamiti da ya kira taro maimakon ya yanke hukunci a ɓoye. Ina godiya ga matan da suka dafa shayi, ko da yake na lura har yanzu babu wanda ya taɓa kek ɗin, kuma a Skarnby idan aka bar kek a faranti, to, lallai akwai magana. Ina kuma godiya ga Gordon Theaker, wanda ya riga ni tsayawa a nan. Da gaske nake, Gordon, kada ka harare ni. Ka faɗi abin da ke ranka a gaban jama'a, ba a kusurwar mashaya ba, kuma wannan ya fi mini ƙus-ƙus ɗin da nake ji a bayana duk makon nan.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Maureen Storr, 'yar gidan Cammish, mai bandar kifi a ƙasan titi. Mawaƙiyar da ake magana a kanta, Della Cammish, ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da Gordon ya kawo gabanku shi ne a rufe mata ƙofar rumfar jirage ran Lahadi mai zuwa, a hana ta ɗaga waƙar kira. Ni kuma na tsaya ne in roƙe ku kada ku yi haka, kuma zan roƙi abin da ya fi wannan nauyi kafin in zauna.

Saboda waɗanda suka sayi gidaje a cikinmu kwanan nan, kuma suna da ƙuri'a kamar kowa, bari in faɗi yadda al'adar take. A ƙarshen kaka, bayan an ja jirage kan tudu, muna da Lahadin Jirage. Idan an tashi daga coci sai mu gangara rumfar jirage, a rufe ƙofa, maza su cire hula. Ba goge, ba jita, ba ganga, ba na'urar ɗaukar murya. Mutum ɗaya zai tsaya a tsakiya ya ɗaga waƙar da tambaya guda: "Wa ya rage a kan ruwa?" Daga nan sai gida-gida su kira sunayen mutanensu da teku ya ci, kowane suna jama'a su amsa, "Namu ne, ba mu manta ba." Ana farawa daga gidan da ya fi kusa da ruwa, a hauro titi har kan tudu, kuma ba a tsallake gida. Idan gidan farko bai buɗe baki ba, na biyu ba shi da ikon buɗewa. Gidan farko kuwa na Theaker ne, tun kaka da kakanni. Ɗaga waƙar zagayawa yake yi, shekara bayan shekara, gida bayan gida. Bana ya faɗo kan gidan Cammish, ni kuma da nake babba na ce Della ce za ta ɗaga.

Maganata ta farko ita ce asalinta, domin ɗazu na ji an kira ta baƙuwa. Baƙuwa! Jama'a, a ɗakin da ke saman wurin bandarmu aka haife ta, warin hayaƙin kifi ne numfashinta na farko. Tun tana ƙarama bakinta ba ya rufuwa. Tana wanke ƙaguwa tana waƙa, tana ɗinkin koma tana waƙa, a coci kuwa muryarta takan danne ta manya har mai wa'azi ya ɗago kai. Babanmu, Norman Cammish, yakan ce wa Mama, "Ranar da hazo ya rufe mu, ki ajiye ƙararrawar kiran jirage, ki ɗora wannan 'yar a kan gaɓa, ko daga Norway za mu jiyo ta." Mama ta ce, "Kai ka ɓata ta ai, kai da ba ka iya ko fito ba." Ya ce, "Shi ya sa Allah ya ba ni mai yi mini."

Ranar da hazon ya zo na gaske, babu muryar da ta yi amfani. Baba ya fita da safe tare da Dennis Theaker, wan Gordon, a jirgi ɗaya, kuma ba a sami ko ɗayansu ba. Ku riƙe wannan, ku da kuka zo daga baya: sunan ubanmu da sunan ɗan'uwan Gordon rana ɗaya suka shiga waƙar nan. Ni da Della da Gordon a benci ɗaya muka zauna a coci ranar addu'a, babu gawa ko ɗaya a gabanmu. Duk wanda zai ce Della ba ta san nauyin sunayen nan ba, ya sake tunani. Ta sani, kuma wannan ne ya sa laifinta ya fi girma, ba zan ɓoye ba.

Maganata ta biyu ita ce aikinta, domin ku san wadda kuke shirin rufe wa ƙofa. Ta bar garin nan tana budurwa, da jita da jaka ɗaya da taurin kan gidan Cammish. Ta fara a ɗakunan saman mashaya na Hull da Leeds, inda akan ba kowa damar waƙa biyu kafin babban baƙo ya hau. Waƙa biyu, ka zauna, ko kai wane ne. Ta yi shekaru a haka, tana kwana a bayan tsohuwar mota, abincinta soyayyen dankali. Tsofaffin waƙoƙin masunta take yi da farko, waɗanda kowa yake da ikon rerawa, daga baya ta soma tsara nata. Ta yi waƙa a kan matan da ke feɗe kifi har yatsunsu su ƙage, ta yi a kan tashoshin jirage da aka rufe, ta yi a kan samarin da suka bar teku suka koma wanke motoci a birni. Ba ta taɓa sauya harshenta ba. Masu rediyo na London sun ce ta gyara lafazinta don mutanen kudancin ƙasar nan su gane, ta ce musu, "Su gyara kunnensu."

A wani bikin waƙa ta haɗu da Sanjalli, mutumin Gambiya mai kaɗa kora, garayar nan tasu mai tsirkiya da yawa. Ta bi shi ƙasarsu ta zauna watanni cikin masuntan can. Da ta dawo ta ce mini, "Yaya, matansu ma tsayuwa suke a bakin ruwa kamar Mama, hannu a goshi. Zafin rana ne kawai bambanci." Daga nan ta haɗa waƙoƙinmu da kiɗansu, kuma abin ya karɓu fiye da zaton kowa. Faifai ya bi faifai, manyan ɗakunan taro suka cika, aka gayyace ta ƙasashen da ni ko a taswira ban iya nuna su ba. Aka ba ta lambar yabo, wani ƙarfe mai nauyi, ta aiko wa Mama. Mama ta juya shi ta ce, "To, wannan na mene ne?" Na ce, "Na girmamawa ne, Mama." Ta ce, "Madalla, ƙofar bayan nan ta daɗe tana bugawa." Da shi muke tokare ƙofar har gobe. A lokacin, in kun manta ni ban manta ba, hotonta yana manne a bangon mashaya, kuma duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa an ce tamu ce.

Maganata ta uku ita ce laifinta, kuma ba zan shafa masa mai ba. Della ta ɗauki waƙar kira ta sa a faifai. Ta sa ta da kora, ta sa ta da ganguna, ta sa ta da sunayen mutanenmu gaba ɗaya, tun daga gidan Theaker har kan tudu, ba ta tambayi kowa ba. Da na ji, na hau jirgin ƙasa na same ta a Leeds. Na ce, "Della, kin haukace ne?" Ta ce, "Yaya, gidajen nan ƙarewa suke yi, kowa sayarwa yake. Nan da wasu shekaru wa zai kira su? Ni so nake duniya ta ji sunan Baba." Na ce, "Sunan Baba naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi. Na Dennis fa? Wa ya ba ki?" Ta ce, "Za su gane." Na ce, "Wallahi ba za su gane ba, kuma ke ma kin san haka, shi ya sa ba ki tambaya ba." Muka rabu baram-baram, ko shayinta ban sha ba.

Abin da ya biyo baya kowa a nan ya ji labarinsa. Goggo Edna, mahaifiyar Gordon, ta shiga kanti a Whitby sayen sabulu, sai ta ji sunan ɗanta yana fitowa daga lasifikar da ke saman kanta, da ganga a ƙarƙashinsa, yarinyar da ke kan teburin ciniki tana kaɗa kai tana taunar cingam. Kwandon sayayyarta ya suɓuce daga hannunta. Direban bas ne ya kamo ta har ƙofar gida. Sunan da take ajiyewa a ƙirjinta shekara guda cur don ta furta shi sau ɗaya a bayan rufaffiyar ƙofa, ga shi ana tallar sabulu da shi. Gordon ya faɗi wannan ɗazu, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na san akwai masu cewa faifan ya yi amfani, har wasu jikokin garin nan sun taso daga Kanada neman asalinsu saboda shi. Haka ne, sun zo, sun sayi kifina ma. Amma wannan bai mayar wa Goggo Edna da abin da aka ƙwace mata ba, kuma ba zan kawo shi hujja ba.

Maganata ta huɗu ita ce hukuncin da aka riga aka yi mata, domin ana magana yau kamar ba a taɓa hukunta ta ba. Shekarar da ta biyo bayan faifan, zagayen ya faɗo kan gidanmu. Mama ta ce Della za ta ɗaga, tana zaton idan aka ga 'yar a tsaye babu jita, babu ganga, zukata za su yi sanyi. Aka rufe ƙofa, aka cire huluna. Della ta tsaya a tsakiya ta tambaya, "Wa ya rage a kan ruwa?" Kowa ya juya ga Goggo Edna. Ita kuwa ta dubi Della ido cikin ido, ta rufe bakinta gam. Gida na biyu ya jira na farko, na uku ya jira na biyu, mu ma na gidan Cammish muka jira, domin haka al'ada ta ce. Ba abin da ake ji sai ruwa yana bugun matakala a waje. Na ga manyan maza, waɗanda ba sa tsoron igiyar ruwa, sun sunkuyar da kai suna kallon takalmansu.

Da Della mai hankali ce a ranar, da ta sunkuya ta fita. Ina! Sai ta ɗaga kai ta shiga kiran sunayen da kanta, gida bayan gida, ba mai amsa mata. Na ja hannun rigarta na ce, "Bari, don girman Allah, bari." Ta fizge. Ta kira su duka har kan tudu, da wannan muryar tata da ke girgiza kwanon rufi, sa'an nan ta buɗe ƙofa da hannunta ta fice. Ta ƙara laifi a kan laifi, na yarda. Amma ku tuna abin da ya same mu mu ma. A shekarar babu gidan da ya kira nasa da bakinsa, kuma babu sunan da aka ce masa "namu ne." Ba a ce wa Baba ba, ba a ce wa Dennis ba. Mama ta koma gida ta zauna da kwat ɗinta a jiki har la'asar.

Tun daga ranar, kusan shekara talatin ke nan, Della ba ta sake taka rumfar jirage ba, kuma ba ta sake rera waƙar nan a ko'ina ba. Ba ji na yi ba, gani na yi. Na taɓa zuwa kallonta a wani ƙaton ɗaki a Newcastle, mutane maƙil. Wajen ƙarshe suka ɗauki ihu suna neman waƙar kira, suna buga ƙafa a ƙasa. Ta jira suka lafa, ta ce, "Waccan ba tawa ba ce. Ɗauka na yi ban tambaya ba, kuma na daina." Wani daga baya ya ɗaga murya, "Don ita muka zo!" Ta ce, "To, ɗan'uwa, ƙofa tana bayanka, ka gaida gida." Ita ce waƙar da ta fi kowace fito da sunanta, ita ce masu shirya biki suke fara tambaya, kuma ta rasa wurare da dama saboda wannan ƙin. Ta sa an daina buga faifan. Wanda ya riga ya shiga duniya kuwa ba shi kirawuwa, wannan kowa ya sani.

Na ji ka, Gordon. Ka ce ba ta zo ta ba uwarka haƙuri ba. Mista Leadley, ka bar shi, ba sai ka buga teburi ba, tambayarsa tana kan hanya kuma zan zo kanta. Amma ka zauna, Gordon, ban katse ka ba lokacin da kake naka.

Maganata ta biyar ita ce halin da take ciki yanzu. Wasu sun ji a bakin mutane, yau ku ji a bakina. Della tana da ciwon daji a maƙogwaro. Ran Talata, bayan Lahadin Jirage, za a yi mata tiyata a cire wurin da murya take fitowa. Likitoci suna sa ran za ta rayu, muna kuma roƙon Allah ya sa haka. Amma ba za ta sake waƙa ba har abada, magana ma sai da taimakon na'ura. Matar da ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana cin abinci da muryarta, wannan Lahadin ce ta ƙarshe da za ta kasance da ita. Ba ta zo taron nan ba don an hana ta yawan magana, ba don raini ba. Tana can a kicin ɗina, ta rungumi kofin ruwan ɗumi, tana jiran in koma.

Da ta iso makon jiya, da ƙyar na gane muryar. Ta zauna ta ce, "Yaya, bana namu ne, ko?" Na ce, "Namu ne." Ta ce, "Wa zai ɗaga?" Na ce, "Ni mana, da wannan muryar tawa ta tsohuwar agwagwa." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta sami numfashi ta ce, "Ki ba ni." Na ce, "Ke dai ba kya gajiya da neman fitina? An gaya miki sun manta ne?" Ta ce, "Na yi waƙa a gaban dubban mutane, sun tafa mini har hannu ya yi ja. Amma tambaya ɗaya na taɓa yi a garinmu, ba a amsa mini ba. Ba tafi nake nema ba, Yaya. So nake in tambaya yadda ake tambaya, in yi shiru, in ji masu sunayen sun kira abinsu." Na ce, "In suka sake yin shiru fa?" Sai ta shiga juya kofin da ke hannunta.

Yanzu ga amsar tambayarka, Gordon. Gaskiya ne, ba ta je wurin Goggo Edna ba har Allah ya karɓi ranta. Girman kai ya hana ta da farko, kunya ta hana ta daga baya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya isa uzuri. Amma akwai abin da ba ka gaya wa taron nan ba. Ka faɗa musu ko in faɗa? To, zan faɗa. Ran Alhamis da hantsi Della ta gangara gidanka da ƙafarta, duk da likita ya ce ta adana muryarta. Ina tsaye a bakin titi ina ganinku. Ta ce maka, "Gordon, na ɗauki sunan Dennis ban tambaya ba. Ba ni da hujja. Ka yafe mini." Kai kuma ka ce, "Uwata ya kamata ki faɗa wa, kuma kin makara." Ka rufe ƙofa. Da muka hauro na ce mata, "Kin ji ko?" Ta ce, "Gaskiya ya faɗa." Ni ma haka na ce, gaskiya ka faɗa. Ta makara ga uwarka. Kai ne ba ta makara gare ka ba, domin kana nan da ranka.

An ba ni shawarwari iri-iri a makon nan. Wasu sun ce, Maureen, ki ɗaga da kanki, ita ta tsaya a bayanki, a zauna lafiya. Na gode, amma haƙƙin gidan Cammish ne ya zaɓi muryarsa, kuma tun da aka kafa garin nan ba a taɓa zaɓa wa wani gida ba. Ranar da aka fara da mu, gobe wani gidan ne. Wasu kuma sun ce a bar ta ta shiga, ai ƙuri'a ce kawai, abin da zai faru a ciki kuma ya faru. Waɗannan su ne suka fi ba ni tsoro, kuma su nake so su saurare ni da kyau.

Ya ku jama'ar Skarnby, ƙuri'a tana iya buɗe ƙofa, amma ba ta iya buɗe bakin mutum. Kuna iya ɗaga hannu gaba ɗayanku yau ku ce ta shiga, ran Lahadi ta yi tambayarta, gidan farko ya yi shiru, mu duka mu tsaya muna kallon ƙasa kamar wancan karon. A wancan karon tana da muryar da za ta ƙarasa ita kaɗai, ko da kuskure ne. Yanzu ba ta da ita. Na saurare ta tana gwadawa a kicin. Layi ɗaya take iya kaiwa, shi ma da ƙyar, daga nan sai tari. Idan aka yi mata shiru, shirun nan ne abu na ƙarshe da muryarta za ta samu a duniya, da shi za ta hau teburin tiyata. Ni ba zan kai ƙanwata wurin nan ba. Saboda haka idan kun san ba za a amsa ba, ina roƙonku da girman Allah ku bi bayan Gordon, ku rufe ƙofar yau. Zan koma in gaya mata da bakina, za ta yi kuka, ni ma zan yi, amma wannan ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa roƙona na gaske ba ga kwamiti yake ba, ba kuma ga masu ƙuri'a ba. Gare ka yake, Gordon Theaker. Kai ne babba a gidan da ya fi kusa da ruwa, bakinka ne na farko. Ban ce ka so ta ba. Ban ce ka sha hannu da ita ba, ban ce ka manta da kwandon uwarka a ƙasan kanti ba. Kana iya juya mata baya a rumfar, ka dubi bango, babu wanda zai ga laifinka. Abin da nake roƙo kalma biyu ne: idan ta tambaya wa ya rage a kan ruwa, ka ce Dennis Theaker. Ba don Della ba. Don mu sami ikon ce masa namu ne, don gida na biyu ya sami hanya, don idan layi ya iso kanmu in kira Norman Cammish, 'yarsa tana tsaye tana ji. Jirgi ɗaya suka shiga, Gordon. Ban san abin da suka ce wa juna a cikin hazon nan ba, kai ma ba ka sani ba, amma na san babu wanda ya bar wani.

Ba sai ka tashi ka yi jawabi ba. Zan koma kujerata, tana kallon taka. Kafin shugaba ya ce a ɗaga hannu, ka dube ni ka gyaɗa kai, ko ka girgiza. In ka girgiza, ni da kaina zan ɗaga hannu tare da kai a rufe wa ƙanwata ƙofa, kuma kowa a ɗakin nan shaida ne.

Allah ya ba wannan taro hikimar yanke abin da za mu iya rayuwa da shi. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rage a kan ruwa, na gidan farko har na gidan ƙarshe, ya ji ƙan Goggo Edna da Mama da dukan matan da suka mutu suna jira. Allah ya tsare masu fita teku, ya dawo da su ga iyalansu lafiya. Allah ya riƙe hannun likitoci ran Talata, ya ba Della haƙurin abin da za ta rasa. Allah ya sanyaya zuciyar da aka ƙona, ya ba mu ikon haɗa ido da juna a titin nan bayan yau, ko yaya ƙuri'a ta kaya.

Mista Leadley, na gama. Gordon, ina kallonka.

Na gode.